Gwajin da Muka Yi da Yagana

Ranar wata Laraba cikin bazarar shekarar da nake aji huɗu, mushenmu na lakwal, wato malamin ajinmu, ya kira ni gaban allo, ya ce in ɗauki jakata in tafi gida sai an neme ni. Iyayen yara ne suka kai ƙorafi. Wani farin tabo ya fito mini a gefen baki, wani a bayan hannu, kuma unguwarmu ta Zango ta riga ta yanke hukunci. Wasu suka ce tsaka ce ta lashe ni ina barci, wasu suka ce kifi na haɗa da nono, amma duk bakinsu ɗaya a kan cewa kuturta ce ke tafe, kuma ana ɗauka.

Baba ya kai ni asibiti, likita ya ce launin fata ne kawai ke gushewa, ba ya kama kowa. Maganar ba ta ko wuce zaurenmu ba, don gidan a hannun kakarmu Ya Falmata yake. Ta ware mini kofi da kwano da tabarma, ta hana ni ɓarar gyaɗa da tsintar shinkafa, aka bar mini shara da ba awaki dusa. Takan ce, "Ba ƙin ki nake ba, Fanna, sauran nake tsarewa." Da la'asar ina jiyo tafin gaɗa ta bayan katanga, da kiran 'yan garuwa, da ƙarar kabu-kabu, ni kuwa iyakata ƙofar zaure.

Abin da ya rage mini shi ne talabijin ɗin ɗakin Baba, idan da kuran, wato wutar lantarki. A nan na ci karo da wani shiri da Faransanci, na wasu Turawa da ke ɗaukar maganar da kowa ya yarda da ita su gwada ta da hannunsu. Na ga sun kaɗa wa bijimi jan ƙyalle da fari da shuɗi, ya taso wa duka, suka ce ashe motsi yake bi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba su taɓa tambayar wane babba ne ya faɗi maganar ba.

Yayata Yagana ce ta zauna kusa da ni wata rana, shirin na ƙarewa ta ce, "Mu ma sai mun gwada." Tun daga nan kullum da safe sai ta saci kurɓa a kofina, ta kama hannuna ta goga a kumatunta. Mukan ɓuya bayan madafa da tsagin madubi muna duba jikinta. Ita dariya take, ni ina ta sake dubawa. Ranar da na ga fari a wuyanta na fashe da kuka, ta sa yawu ta goge, ashe garin tankaɗe ne. Haka muka yi har damina ta yi nisa, fatarta sumul.

Ita ta faɗa wa mutan gida gwajin da muka yi, ana tsakar cin tuwo, ta miƙe tana nuna fuskarta. Na ɗauka da hutu ya ƙare zan koma lakwal. Ya Falmata ta kwaɗa mata mari, ta ce, "Allah ne ya tsare, ja'ira! Ana gwada Allah?" Baba ya sunkuyar da kai cikin kwanonsa. Washegari aka tura Yagana wajen gwaggonmu a garin Dogo sai bayan girbi, ni kuwa na rasa mutum ɗaya tal da ke taɓa ni. Sai da shekara ta zagayo Baba ya samo mini wata lakwal can nesa da unguwa, inda nake zuwa da riga mai dogon hannu.

Yau 'ya'yana kan lalubo sunan ciwona a waya kafin ruwan shayi ya tafasa, amma a gidan biki har yanzu akwai matar da za ta janye ɗanta idan na zauna. Ya Falmata ta rasu tana ganin ita ta ceci gidanmu. Yagana tana aure a Agadas, sai dai murya ta waya, kuma ina kewar ƙarfin halinta. Gaskiyar mun gano ta tun muna yara, mai karɓarta ne ba mu samu ba.