Ya Ce Dama, Na Yi Hagu

Ko da zan tsufa har in riƙa manta inda na ajiye hulata, ba na jin zan manta da wata Asabar da muka yi a wani sansanin horar da matasa da ke bayan garin Bauchi, kan hanyar Zungur. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, dariya kuma ta biyo bayanta.

A lokacin muna da ƙungiyar samari a Ƙofar Ran, mu kusan ashirin. Aikinmu yashe kwatoci kafin damina da share maƙabarta. Ni ne sakatare. Ban daɗe da gama kwaleji ba, ina yawo da biro biyu a aljihun gaba, kuma a ganina duk unguwar babu mai kai irin nawa. Mai kula da ayyuka kuwa wani tela ne da ke da shago a bakin layinmu. Ya ɗan girme ni, ba shi da yawan magana, amma in za a shiga kwata shi ne farkon shiga, shi ne ƙarshen fita.

Abin da ya haɗa ni da shi, in na faɗa yanzu sai a yi mini dariya. Wata rana muna yashe babbar kwatar unguwa sai wani ma'aikacin gidan rediyo ya zo wucewa, ya tsaya ya yi hira da telan, don shi ya gani da shebur a hannu. Ni ina can inuwa ina rubuta sunayen waɗanda suka zo aiki. Da yamma aka sa hirar, na kasa kunne daga farko har ƙarshe. Telan ya gode wa mai unguwa, ya gode wa matan da suka aiko mana da kunu, amma sakatare ko oho. Daga ranar na ƙulla gaba da shi. Na bi samari ɗaya bayan ɗaya ina ce musu mutumin nan shiru-shirunsa na munafunci ne, so yake ya mallake ƙungiya. Kafin wata biyu mun rabu gida biyu. Taro ya koma wurin cacar baki, aiki ya tsaya, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, kwatoci kuma sun cika maƙil.

Uban ƙungiyarmu wani tsohon hedimasta ne, a zaurensa muke ajiye baro da shebur. Shi ne ya tara mu ya ce ya nema mana kwana biyu a sansanin nan. Ko mu je mu gyara tsakaninmu, ko kuma ya rufe zaurensa kowa ya kama gabansa. Haka muka cika mota da safiyar Asabar, ɓangarena a gaba, ɓangaren tela a baya.

Wurin fili ne mai faɗi a gindin duwatsu. Ga igiyoyi a ɗaure jikin itatuwa, ga tayoyin mota a jere a ƙasa, ga wata katangar katako da aka ce gobe za mu haura. Mai horar da mu tsohon soja ne da ya yi ritaya a barikin Shadawanka, gajere mai ƙaton wuya, Hausarsa irin ta bariki. Yana ganina cikin farar riga mai guga da takalmi sau-ciki ya tsaya ya ƙare mini kallo.

"Kai ne sakatare?" ya ce. "Nan ba ofis ba. Biro ba ya aiki nan. Cire shi."

Na cire, amma a raina na ce wannan bai san da wa yake magana ba. Da safen an yi gudu da tsallen taya, na zo na ƙarshe a duka biyun, na ɗora wa takalmi laifi.

Bayan mun yi sallar azahar sai ya kawo wani wasa da ya kira makaho da ɗan jagora. Za a rufe wa mutum ido da ƙyalle, abokinsa ya bi da shi ta cikin tayoyi, ya kewaye wata sarƙaƙiyar ƙaya, sannan ya haye wani siririn katako da aka gitta a kan kududdufi. Kududdufin nan ba zurfi gare shi ba, amma taɓo ne baƙi ƙirin, shanun makiyaya sun dama shi da kofato da abin da ya fi kofato. Sharaɗin ɗaya ne: ɗan jagora ba zai taɓa makahonsa ba, da baki kawai zai yi masa jagora. Na ga hedimasta ya raɗa wa sojan wani abu a kunne, ban kawo komai a raina ba sai da na ji an haɗa ni da tela.

"Oga, ba za a canza mini ba?" na tambaya.

"Babu canji. Yau shi ne idonka."

Aka ɗaure mini fuska da wani baƙin ƙyalle mai warin zufa. Duhu yana rufe ni zuciyata ta fara yi mini huɗuba: ga ranar da mutumin nan yake jira, zai kunyata ka a gaban jama'a. Nan take na yanke shawara irin ta masu wayo, duk abin da ya faɗa ba zan yi shi yadda ya faɗa ba.

"Sakatare, taku uku gaba, sai ka ɗaga ƙafa, akwai taya," na ji muryarsa a bayana.

Na yi taku biyu, na ɗaga ƙafa sama ina laluben iska kamar zakara a cikin ruwa, na sauke, na ƙara taku ɗaya, na yi tuntuɓe da tayar. Aka kwashe da dariya. Maimakon in gane, sai na ce a raina ka gani ko, ya fara. Da ya ce in yi dama akwai ƙaya, na yi hagu, ƙaya ta kama mini hannun riga ta yaga. Duk da haka bai ɗaga murya ba.

"Tsaya nan," ya ce da muka iso bakin kududdufi. "Katakon yana damarka kaɗan. Matsa dama taku ɗaya, sai ka miƙe."

Ina jin mutane suna ƙunshe dariya. Yanzu na san ni suke yi wa, amma a lokacin na ɗauka sun haɗa baki da shi ne. Na ce to a nan ne zai zuba ni. Na matsa hagu, na ɗaga kai, na jefa ƙafa da ƙarfin gwiwa irin na wanda ya gano makirci. Ƙafar ba ta sami komai ba. Na tafi gaba ɗaya na kifa cikin taɓo, har da ɗan kurɓa. Kafin in tashi na ji an faɗo ruwan an kama ni ta hammata. Telan ne, ya shigo da kayansa ya ɗago ni. Ina fizge ƙyallen abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Wallahi da gangan ya yi!"

Sojan ya matso yana kallona daga sama. "Mutum ashirin ya ji dama. Kai kaɗai ka ji hagu. Kunnenka ne ya lalace ko zuciyarka?"

Na fito da takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan har yau yana can.

Sai aka ce a juya, yanzu ni ne ɗan jagora. 'Yan ɓangarena suka riƙa ƙifta mini ido, wai ga damar ramuwa. Telan kuwa da hannunsa ya ɗaura ƙyallen, ya ce, "Bismillah, Sakatare, ina jin ka." Na ce taku uku, ya yi uku cif. Na ce ɗaga ƙafa, ya ɗaga. Ko hannu bai miƙa ya laluba ba, tafiya yake yi kamar idonsa biyu. Mutumin da na yi wata biyu ina ɓata masa suna, ga shi ya miƙa mini kansa ba ko ɗar. Na ƙudurta a raina sai na haye da shi lafiya ko da me za a yi.

Don tsabar son in gyara, da muka iso kududdufi sai na ruga na kewaya ɗaya gefen, na tsaya ina fuskantarsa don in ga ƙafarsa da kyau. Na duba, katako yana damata. Na ce, "Matsa dama taku ɗaya. Yawwa. Taho kai tsaye." Ya matsa, ya taho, ya zurma cikin taɓo har ƙugu.

Nan take wuri ya kaure da hayaniya. 'Yan ɓangarensa suka yo kaina, ɗaya ya cakumi wuyan rigata yana cewa, "Mugu, ramuwa ka yi!" Nawa kuma suka taso za su tare mini, wasu ma har suna tafi, abin da ya ƙara tabbatar wa kowa da niyya na yi. Na buɗe baki ina rantsuwa, amma wa zai yarda da wanda ɗazun nan ya rantse a kan ƙarya? Hedimasta ya miƙe daga kan benci, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce a kira direba, shi ya gama. Na san in muka shiga motar nan a haka, ƙungiya ta mutu, kuma har abada ni za a riƙa nunawa a unguwa a ce ga wanda ya kashe ta.

Telan yana tsaye cikin taɓo ya kwance ƙyallen. Ya dubi katako, ya dubi inda nake tsaye, sai ya fashe da dariya.

"Ku sake shi," ya ce. "Ku dubi inda ya tsaya mana. Fuskantata yake yi, damarsa ita ce haguna. Ni ma na sha yin haka in ina gwada wa mutum riga, in sa alamar aljihu a ɓarin da ba shi ba. Da mugunta ya nufa, ai da tun a ƙaya ya zuba ni." Ya juya wajen hedimasta. "Baba, a yi haƙuri a zauna. Oga, a sake ɗaura mini, mu sake."

Aka sake ni. Wannan karon a bayansa na tsaya ina yi masa jagora, ya haye katakon nan taku bayan taku har ya dira a ɗaya gefen. Sojan ya busa usur, hedimasta ya koma ya zauna.

A bakin famfo muka wanke jikinmu, ina buga masa ruwa yana buga mini. Na daɗe ina juya maganar a baki kafin na iya cewa, "Malam, ka yafe mini. Na faɗi abubuwa da yawa a kanka."

"Duk sun dawo kunnena," ya ce yana cuɗa ƙafa. "Allah ya yafe mana. Buga ruwa, Sakatare, taɓon yana bushewa."

Washegari da aka zo haura katangar katako, a kafaɗarsa na taka na hau, kuma ko da ya ce in sa ƙafar hagu ban tsaya bincike ba. Ƙungiyarmu ta ƙara shekaru masu yawa tana aiki kafin aure da neman abinci su rarraba mu.

Abin da na koya a ranar bai zo mini da sauƙi ba, sai da na sha taɓo. Mai mugun zato ba ya buƙatar maƙiyi, ko gada aka nuna masa da ƙafarsa zai kauce ya faɗa rami. Ni an faɗa mini gaskiya na kira ta makirci, shi kuwa na jefa shi a kududdufi ya tsaya a ciki yana nema mini uzuri. Tun daga lokacin, in wani ya yi mini abin da ya yi kama da mugunta, kafin in buɗe baki nakan fara duba inda yake tsaye, don wataƙila damarsa ce haguna.