Ugun Nkechi a Gidan Inna Bintu

A Kwaciri in ka ce Inna Bintu mai kunu, ko ɗan acaɓa zai kai ka ƙofarta. Shekara ashirin da ɗoriya tana kai kunun zaƙi Bata, can wajen kasuwar Sabon Gari, kuma taƙamarta ɗaya ce: ba ta taɓa sirka kununta da ruwa ba. Katanga ce kawai tsakanina da ita, na sha jin wannan kirari har ya gundure ni.

A Bata ɗin ta ƙulla ƙawance da Nkechi, wata 'yar ƙabilar Ibo da ta daɗe a Sabon Gari har Hausa ta zauna mata daram. Nkechi na sayar da ganyen miya, musamman ugu, wannan mai yaɗo da mutanen kudu ba sa miya sai da shi. Nata ba wanda mota ke kawowa daga kudu ba ne, a ɗan lungun bayan ɗakinta take noma shi, kuma ba ta san ƙofar mai takin zamani ba. Kafin rana ta ɗaga take tsinko kan alayyafo da ɗanyar ciyawa, ta yayyanka, ta cuɗa da mazarƙwaila, ta danna a tulu ta ɗaure baki da tsumma. Bayan kwana bakwai ta tace tsimin. Cokali biyu a bokitin ruwa, shi ke nan abincin shukarta.

Shekarar da soja suka koma bariki, su biyun sun yi ta murna kamar su aka zaɓa. Ba a rufa shekara ba rikici ya ɓarke a Kaduna, tsoro ya iso Kano, manyan motocin kudu suka riƙa cika suna tashi. Mijin Nkechi ya ce a je gida tukuna, in ƙura ta lafa a dawo. Ranar tafiya ta zo da tulun nan a ka, da iri biyar a cikin jiƙaƙƙen tsumma.

"Bintu, irin nan ba ya ajiyuwa," in ji ta. "In ya bushe ya mutu. Ki shuka, in ya yi ɗa ki fasa ki sake shukawa. Na gonar mamana ne, gonar kuwa zaizayar ƙasa ta cinye ta. Babu shi ko'ina sai nan. Wata uku zan yi."

Inna Bintu, wadda ko barkono ba ta taɓa shukawa ba, ta kafa rumfar kara a tsakar gida. Wata uku suka zama shekara biyu, ba Nkechi ba saƙo, ba kuma adireshin da za a bi. Ugu dai ya yi yaɗo, ya yi 'ya'ya manya kamar kabewa, ta fasa ta sake shukawa. In motar kudu ta sauke fasinja, sai ka ga ta bar kunu tana leƙen fuskoki. Wallahi tausayinta nake ji, ko da yake ban fasa tsokanarta da cewa ta yi wa ganye reno fiye da jikokinta ba.

A bazara ta uku zafi ya tsananta, ganyen ya fara rawaya. Hankalinta ya tashi. Ta dubi cokali biyun nan a cikin bokiti, ta ga rowa ce tsagwaronta. Ita da ba ta yi wa baƙon Bata sirki ba, sai ta yi wa amanar Nkechi, kuma shukar tana jinya? Ta ɗauki tulu ta tuttule tsimin gangariyarsa a gindin kowace shuka. Kwana uku rumfar ta zama kamar an bi ta da wuta. Na tarar da ita zaune a ƙasa, ko ɗankwali babu.

Guda ɗaya ce ta farfaɗo. Ta lallaɓa ta har ta yi fure, fure kamar hauka, amma ko ɗa ɗaya babu. Da abin ya ishe ta, ta je kasuwar Sabon Gari ta ɗauko Comfort, wata mai sayar da ugu, ta zo ta duba.

Comfort ta ɗaga furen ta girgiza kai. "Mama, wannan namiji ne. Ko shekara goma zai yi, ba zai ba ki iri ba. Sai da mace a kusa."

Washegari Comfort ta aiko mata da iri huɗu daga na mota, ta ce ba a gane macen sai sun yi fure. Inna Bintu ta shuka su kewaye da namijin, ta auna cokali biyu daidai.

Na ce mata, "To Inna, ai an huta. In Nkechi ta dawo ki miƙa mata, wa zai gane?"



"Rabi ne nata yanzu," ta ce. "Zan faɗa mata da bakina cewa ni na ƙona sauran. Ta yi min faɗa, ta zage ni tas a tsakar gidan nan kowa na ji. Ni dai ta zo."