Shafin da Ke Faɗin Inda Motarmu Za Ta

A shekarar da na kama aiki da wani ƙaramin kamfanin sayen shinkafa a Wurno, hanya ta riga ta lalace. Ɓarayin daji na tare motoci suna kwashe mutane, shi ya sa manajanmu ya hana a faɗi ranar da motar awo za ta fita ko ƙauyen da ta nufa. Wakilinmu na ƙauyen kaɗai ake kira ana gobe, don manoma su ɗinke buhuna. Ni kuwa aikina kula da shafin kamfani a dandalin sada zumunta.

Wata safiya direbanmu ya shigo ofis ko sallama bai gama ba, ya miƙo mini wayarsa.

"Kai ka rubuta wanga?"

Shafi ne mai sunan kamfaninmu da tambarinmu, amma ba nawa ba. An rubuta cewa yau mota za ta Kagara, mata su shirya. Kuma Kagara ɗin za ta. Direba ya aje makulli bisa tebur ya ce yana da ɗiya ƙanana, ba ya zuwa ko'ina. Manaja ya soke tafiyar, ya dube ni ya ce, "Ka gano mai shi. In ɗan leƙen asirin mutanen daji na, hukuma za mu kai shi."

Na kai ƙorafi ga masu dandalin, aka turo mini amsa da Turanci cewa ana dubawa. Shiru. Na koma ina bin tsofaffin rubuce-rubucen shafin, sai na ga ya daɗe yana faɗin tafiye-tafiyenmu, Dinawa, Achida, ƙauyukan Goronyo, bai taɓa kuskure ba. Duk fitar da muka yi muna zaton a ɓoye take, ashe a fili take. Na fara kallon abokan aikina ɗaya bayan ɗaya. Mai sikeli ya fita amsa waya, na bi shi da ido. Na lura su ma haka suke kallona, tunda ni ne mai harkar shafi.

Ranar da mota ta sake fita, kowace ƙarar waya sai gabana ya faɗi.

Matata ce ta ba ni shawara. Ta ce tunda shafin mata yake kira, in bari ta tura saƙo da wayarta a matsayin mai shinkafar sayarwa. Ta rubuta, muka zauna muna kallon wayar. Bayan la'asar amsa ta shigo, saƙon murya. Ta danna.

"Ɗiyata, ki yi haƙuri, wanga mako ba su hwaɗi ba tukuna. In na ji, ni sanar."

Matata ta rufe baki da hannu. Muryar gwaggona ce, yayar mahaifina da ke Rabah, tsohuwar malamar firamare. Ita ta koya mini riƙe fensir.

Na ji sanyi a raina cewa ba ɗan leƙen asiri ba ne, nan take kuma wani tsoron ya taso. Mi zan gaya wa manaja? Da wane baki zan ce wa Gwaggo ta yi ba daidai ba?

Washegari na hau mota zuwa Rabah. Na iske ta a tsakar gida ana turara shinkafa cikin manyan tukwane, matan ƙungiyarta ta masu gyaran shinkafa na shanya. Na durƙusa na gaishe ta, ta sa aka kawo mini fura. Sai da na sha na yi ta kewaye-kewaye kafin na ambaci shafin.

"Nawa na," in ji ta, ko gezau. "Mi ya hwaru?"

Ta ce matan wakilanmu na cikin ƙungiyarta, su ke gaya mata. Maza ake sanarwa, mata kuwa sai sun ji mota ta tafi, shinkafarsu ta koma hannun 'yan baranda masu saye da arha. Ta sa sunan kamfani ne don a yarda da maganar.

"Gwaggo, ba mata kaɗai ka karantawa ba. Mutanen daji ma suna da waya."

Ta sunkuya tana duban wutar murhu. Da ta ɗago, idonta ya sauya.

"Inna lillahi. Direban ga da ka gaishe ni kullum in ya biyo? Da an ɗauke shi, ni na kai shi."

Ta miƙo mini wayar, ta ce in goge komai a gabanta. Na goge. Da zan tafi ta rako ni har zaure, ta ce, "Ɗana, to su matan ga hwa? Wa za ya hwaɗa musu?" Na yi mata sallama, na kama hanyar Wurno.

Na gaya wa manaja gaskiya ina jiran kora. Ya yi dogon numfashi, ya ce a bar maganar a tsakaninmu, amma daga ranar ko wakilai ba a ƙara kira ana gobe ba, sai mota ta kama hanya. Na roƙe shi a riƙa tsayawa ƙofar Gwaggo in an biyo ta Rabah a auna shinkafar mata, ya ce zai duba.

Mata da yawa sun samu lambata daga wurinta. Har yanzu sukan kira da safe, su gaishe ni da ladabi, su tambayi yaushe mota za ta zo. Ina ce musu ban sani ba, kuma gaskiya ce, don ni ma an daina gaya mini.