Ledar da Na Ɗaure a Bakin Tanki

Rabah, shida saura kwata

Ana sallame sallar asuba na tayar da mota. Tun magariba aka bugo waya daga Taloka cewa jikin Kawu Bello ya tsananta, kuma sunan mahaifiyata yake ta kira. Shi kaɗai ya rage mata cikin waɗanda suka fito ciki ɗaya. Inna ta dama masa kunun tsamiya, ta zuba a fulas, ta rungume shi a cinya, ta zauna gaba.

Laifina na farko a ƙofar gida na yi shi. Motata tsohuwa ce mai kafireta. Murfin tankinta ya ɓace tun da kaka, da tsumma nake toshe bakin. Ranar sai na ga warin fetur zai dami Inna, na cire tsumman, na ninka leda biyu na rufe bakin, na ɗaure tam da robar tif. Har yaba wa kaina na yi.

Shida da minti ashirin, mun wuce shingen jami'an tsaro ke nan, motar ta fara ja da baya kamar an riƙe ta. In na taka totur sai ta yi tari. Can ta mutu. Na buɗe gaba, na jijjiga kan batir, na bubbuga nan da can. Bayan kwata ta tashi, na ɗauka gwanintata ce. Sau huɗu muka yi haka kafin Wurno.

Wurno, tara daidai

Wani bakanike a bakin titi ya ce datti ne. Ya kwance kafireta ya wanke, ya kankare fulogi, ya busa tiyon mai da baki. Inna tana zaune a inuwar dogonyaro, na sayo mata ƙosai ta ƙi taɓawa.

"Auta," ta ce, "sa ni motar haya in tahi, kai ka taho daga baya."

"Haba Inna! Mi mutane za su ce? Ina da mota, ki isa gidan Kawu cikin ta haya?"

Ta gyara zama a inuwar. Wannan shi ne babban laifina, kuma ba mota ce ta yi shi ba.

Kafin mu tashi na sayi galan guda wurin ɗan bumburutu. Da na kwance ledar na ji tankin ya ja iska da ƙarfi. Da kunnena na ji, ban ko tsaya tunani ba. Na zuba mai, na mayar da ledar, na ƙara tamkewa. Sha ɗaya da rabi muka bar Wurno, motar na gudu lafiya lau. Na ce, "Kin gani ko, Inna?" Ba mu yi kilomita goma ba ta sake yin tari.

Goronyo, biyu saura

Wasu masu ɗaukar albasa ne suka tura mu zuwa rumfar wani dattijon bakanike, Malam Garba. Shi bai taɓa injin ba, tambaya ya yi ta yi.

"In ta huta tana tashi?"

"Tana tashi, Baba."

"Yaushe ta hi daɗewa ba ta mutu ba?"

"Bayan na sha mai a Wurno."

Ya zagaya baya, ya tsaya yana kallon ledar. Ya sa wuƙa ya tsinke robar, tankin ya ja dogon numfashi.

"Wa ya ɗaure wagga?"

"Ni ne."

"Ɗana, tanki numhwashi shika yi. Mai na hita, iska na shiga. Ka shaƙe mata wuya, kana tambayar mi ya hana ta gudu?"

Ya ɗauki ƙusa ya huda ledar, ya mayar ya ɗaure. Gyaran ke nan. Ko minti ɗaya bai kai ba.

Ina tsaye nan wayata ta yi ƙara. Ɗan Kawu ne. Ya ce rai ya yi halinsa tun sha biyu, yanzu ma za a ɗauke shi. Ya ce da hantsi sau biyu Kawu yana tambaya, "Ta iso?" Na koma wurin Inna na ce mata an gyara, mu tafi. Ban faɗi sauran ba. Ta dubi fuskata, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa wa Malam Garba fulas ɗin ta taga.

"Sha, Malam. Mai shi ba shi bukata tai kuma."

Taloka, uku saura kwata

A bakin gari muka ci karo da maza suna dawowa daga maƙabarta, da makara ba kowa a kai. Inna ta shiga cikin gida ba ta waiwaye ni ba. Kwana uku muka yi. Ni a zaure nake kwana, masu gaisuwa suna ta yi mini sannu da ƙoƙarin kawo tsohuwa, ina amsawa.

Komawa gida

Rana ta huɗu mun tashi bakwai, tara saura muna Rabah. Ko tari motar ba ta yi ba. Da na tsaya a ƙofar gida na kasa fita, na faɗa wa Inna zancen ledar duka, na roƙe ta gafara.

"Leda ba ta da laihi, Auta," ta ce. "Ina zaune ina ƙirgawa, motar Goronyo ukku sunka wuce mu a Wurno."

Ta buɗe ƙofa ta sauka, sannan ta ce ta yafe. Ba ta sake tayar da maganar ba har yau.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya. Na gode wa masu albasa da suka tura mu, da Malam Garba da ya ƙi karɓar komai. Na sayi murfin tanki washegari, a kasuwar da nake wucewa kullum. Duk wanda ya karanta wannan, ya sa Kawu Bello a addu'a, ni kuma ya roƙa mini gafara.