Kujerar Gaba ta Motar Bakri

Duk wanda ya san Bakri Ishaq a Sinnar ya san shi da kwasar mutane kyauta. Shekara ashirin da shida yana jan babbar mota tsakanin Madani da Damazin, yau dawa gobe riɗi, kuma ba a taɓa ganin kujerar gabansa babu kowa ba. A Sudan akwai al'adar da ake kira fadul dahar: in kana da wuri a mota, ka ga mutum ya ɗaga hannu a bakin hanya, sai ka tsaya ka rage masa hanya, ko kwabo ba ka karɓa. Bakri ya ɗauki abin kamar farilla. Ya ɗauki tsohuwa da kajinta, ya ɗauki malami da buhun littattafai, har akuya ya taɓa ɗorawa a cinyar wani ango. Matarsa Mahasin takan ce ita dai tasha ta aura.

To yau ka shiga unguwar Faisal a Alƙahira ka tambayi Bakri mai Suzuki, amsar da za ka ji ita ce, "Wannan marowacin?" Ni maganar tana ƙona mini rai, domin masu faɗinta ba su san komai ba.

Da yaƙi ya iso musu, ya kwashi Mahasin da 'yarsu Widad suka kama hanya. Wajen la'asar wasu mutum uku suka ɗaga masa hannu, ƙafarsa ta taka birki tun kafin ya yi tunani. Ashe bindigogi ne a bayansu. Suka ƙwace motar, da Mahasin ta riƙe ƙofa ta ƙi sauka, ɗayansu ya harbe ta. A gefen hanya suka binne ta, shi da Widad da wasu makiyaya. Bai taɓa cewa laifinsa ne ba, amma haka zuciyarsa take faɗa masa kullum.

A Alƙahira wani dattijo Bamisire ya ba shi ƙaramar Suzuki mai buɗaɗɗen baya, yana raba kisra, gurasar Sudan, da turaren wuta a shagunan Sudanawa. Wata uku da fara aiki ya sayi bindiga a hannun wani maƙeri a bayan gari, irin ƙirar hannun nan mai cin harsashi ɗaya. Ya naɗe ta da guntun mayafin Mahasin, ya cusa a lungun da ke bayan kujerar fasinja, daidai inda hannunsa na dama zai kai. Ya ce a ransa, ba za a sake tare shi babu makami ba.

Ya saye ta don ta tsare shi, sai ya wayi gari shi ke tsaronta. Baƙo ne mai katin gudun hijira, ya kuma san in aka same ta a shingen 'yan sanda, kurkuku ce, takardun Widad ma su bi ruwa. Don haka ya daina bin duk hanyar da ake sa shinge. Shi yake wanke motarsa, shi yake gyara ta. Sallar Juma'a a sahun ƙarshe yake yi, inda zai riƙa hango mota ta ƙofa. In an yi rasuwa aka ce Bakri ya ɗauki mutum biyu zuwa maƙabarta, sai ya ce taya ba iska. Tun ana gayyatarsa shan shayi har aka gaji. Da rana yakan ci dafaffen wakensa na ful a cikin mota, gilas a rufe, yana jin hirar 'yan uwansa Hausawan Sudan daga nesa. Kewa tana cinsa, bai da wanda zai faɗa wa.

Widad ce kaɗai ta sani. Wata rana tana neman tsumma hannunta ya faɗa kan ƙarfen, ta gane mayafin. Ba ta yi kuka ba.

"Baba, muddin wannan abu yana cikin motar nan, ni ba zan shige ta ba. Khalas, magana ta ƙare."

Ta kuwa cika magana. Shekara biyu tana kama microbus da jirgin ƙasa zuwa unguwar Ma'adi, inda take jinyar wata tsohuwa, uban na da mota. Wani lokaci yakan wuce ta a bakin titi, ya rage gudu, ta kau da kai.

Da takardunta suka fito za ta bi mijinta Hatim zuwa Kanada, ta same shi ranar Talata yana goge gilas.

"Jirgina Alhamis ne da azahar. Kai nake so ka kai ni, Baba, a gaba kusa da kai, yadda kake ɗaukata ina ƙarama. Ka san abin da za ka yi. Ƙarfe tara zan fito."

Laraba ta wuce yana cewa anjima. Alhamis bayan asuba ya wanke kujerar da sabulu, ya shimfiɗa mata sabon tawul, ya nufi magudanar ruwa ta Maryutiyya. Sai dai ina za ka jefar da bindiga a garin da ko tofar da yawu ka yi mutum goma sun gani? Nan mai ɓaure da jakinsa, can mata suna jiran mota. Inda babu kowa kuma, hannunsa ne ya ƙi saki. Ya zauna da abin a cinya yana gumi, yana ganin mutanen nan uku a zuciyarsa. Sai takwas da rabi ya rufe ido ya wurga, mayafin kawai ya riƙe.

Wanda ya san titin Faisal da safe ya san sauran. Ƙarfe goma saura ya iso gida, matar mai gadi ta ce, "Ma'alish ya Haj, sai haƙuri, ta jira, ta jira, har mai tasi ya fara faɗa."

Ya bi ta. A hanyar filin jirgi ya tarar da shinge, irin wanda ya shekara biyu yana gudu. Ya sauke gilas, ya ciro takardu, ɗan sandan ko kallonsa bai yi ba, ya kaɗa masa hannu ya wuce. Da ya isa, ta riga ta shige inda marar tikiti ba ya shiga. Ya kira ta.

"Widad, ga ni a waje. Na yar da ita, wallahi na yar. Fito ki gani, babu komai a motar."

Yana jin hayaniyar mutane a bayanta.

"An riga an buga mini hatimi, Baba, ba a fita. Shekara biyu nake jiran maganar nan. Da jiya ka yi."

Ya ce Allah ya tsare hanya, ta ce amin, layin ya yanke. Ya daɗe zaune, har wani ma'aikaci ya buga masa ƙofa ya ce yalla, ba a tsayawa nan. Ya tada mota. Tawul ɗin yana nan yadda ya shimfiɗa shi, ko lanƙwasa bai yi ba.