Shamsuddin, Mai Lissafin Ruwan Garhanga

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayun 2025, labari ya iske mu Garhanga cewa Allah ya karɓi ran Farfesa Shamsuddin Alƙasim a Yamai, bayan gajeruwar jinya. Shamsu, ni ƙanen mahaifinka ne. Kai ya kamata ka yi mini wannan rubutu, ga shi ni nake yi maka.

Kakanmu na can baya, tun gidanmu bai kama salla ba, shi ke duba wa gari yadda damina za ta kasance. Da ka gama lakwal a nan, ka yi kwaleji a Madawa, ka bi jami'o'i har ƙasashen waje, ka dawo kana koyar da lissafi, na tambaye ka abin da kake lissafawa. Ka ce ruwa: inda zai bi, da ƙarfin da zai zo da shi. Na ce ashe sana'ar gida ce, alli kawai ka ƙara mata.

Ƙorama tana cin gonakinmu kowace shekara. Kowa sai ya jera duwatsu a bakin tasa, ruwa ya juya ya faɗa ta maƙwabci, a ƙare gaban maigari. Ka zo da ɗalibanka kuka yi ta awo kan tudu, rana na dukanku. Sannan ka tara mu ka ce, "Baba, ku kwashe duwatsun nan ku kai su bisa, inda ruwan yake yaro. In ya girma ba mai tare shi." Wato kowa ya buɗe gonarsa, a gina shinge a wurin da ba na kowa ba. Rabin gari suka yarda, don kai ka faɗa. Rabin aiki aka yi.

Sai ka tafi, damina na bakin ƙofa, gonakin waɗanda suka amince da kai a buɗe. Na ji tsoron kowa zai hau ya ɗauko dutsensa.

Ranar sadakar bakwai, ana shafa fatiha, Ɗangana, wanda ya fi kowa musu da kai, ya ɗaura wa jakinsa amalanke ya nufi gonarsa. Da nasa duwatsun ya fara, yana kwashe su yana kaiwa bisa tudu. Muka bi shi. Ni guda ɗaya na iya ɗauka, shi ma ƙarami.

Allah ya jiƙanka, ɗana, ya haskaka kabarinka, ya sa aljanna ce makomarka. Ya ba matarka Hindatu da ɗiyarku Mardiyya haƙurin rashinka, da ɗalibanka, da mu tsofaffin da ka bari. Amin.