Ranar da Allon Motata Ya Kai Ni Bakin Katanga

Abubuwa da yawa sun same ni a harkar fata, na manta wasu, wasu ma da gangan na manta su. Amma abin da ya faru da ni a Challawa bayan wata Babbar Sallah yana nan daram a raina, kuma na san da shi za a binne ni.

Sana'ata sayen ɗanyar fata. Ina tarawa a sitona na Na'ibawa, in kai wa kamfanonin jima. Wanda bai san harkar ba, abu ɗaya ya kamata ya sani: fata ba ta jira. Da an feɗe ta sai gishiri. Idan gishirin bai ratsa ta ba, ta kuma sha zafi, gashinta zai fara tsigewa, kuma da zarar mai tantancewa na kamfani ya ja gashi ya biyo yatsansa, magana ta ƙare.

A shekarar ne na sauya mota. Dillalin ya nuna min guda biyu iri ɗaya, sai dai ɗaya tana da allo a gaba mai ɗauke da taswira, kuma kuɗinta ya ɗara. Ya ce, "Alhaji, wannan ko makaho ka ba ta sai ta kai shi gida." Ni ba makaho ba ne, amma na saya. Da na kunna allon ranar farko, sai ya nuna motata a tsakiyar teku, alhali ina fake a Hotoro gaban gidan yayata. Ashe taswirar ƙasar da aka kawo motar ce a ciki. Na kai wa wani mai gyara, ya sa mata ta Najeriya. Daga nan ta fara aiki. Wata baturiya tana magana daga ciki, cikin natsuwa, tana kai ni Bompai, tana kai ni Sharada, tana mayar da ni gida. Duk wuraren da na sani ba ta taɓa ɓatar da ni ba.

Layyar shekarar ta faɗo cikin damina, ga gumi, ga gishiri ya yi wuya a kasuwa. Na tara fatu fiye da gishirin da nake da shi, na yayyafa musu abin da ya samu, da niyyar su wuce kamfani da wuri. Sai kamfanin da na saba kai wa a Sharada ya ce injinsa ya tsaya. Aka haɗa ni da wani manaja a Challawa, inda ban taɓa kai kaya ba. Ya ce zai karɓa, amma mai tantance musu fata yana tashi da la'asar, gobe kuma ba zai zo ba. Ya turo min wurin a waya, kamar yadda kowa yake yi yanzu.

A nan na fara gane wani abu. Wurin da aka turo a waya ba ya shiga allon mota. Allon sunan titi yake so da lambar gida, sai ka ce a Kano da lambar gida ake kwatance. Na kira manajan, ya tambayi wani, wanin ya tambayi maigadi, da ƙyar aka samo sunan titin. Na rubuta, allon ya gane shi. Na gwada da na waya, sai na ga waya tana zagaye da ni ta babban titi, mota kuwa ta samo wata gajeriyar hanya ta bayan kamfanoni. Mai fata a rana ba ya ƙin gajeriyar hanya. Na jefa wayar aljihu.

Tare da ni akwai maigidana, dattijon da ya koya min sana'ar, wanda shi ma yana da fatu a cikin lodin. Bayanmu kuma babbar mota, direbanta ɗan Jigawa ne, bai san Challawa ba. Na ce masa, "Kai dai ka bi ni."

Ya ce, "To, maigida."

Ya kuwa bi ni da gaskiya. Muka bar kwalta, muka shiga wani layi, katangar kamfani a dama, katangar kamfani a hagu, a gefe ga kwata mai ɗauke da ruwan jima, baƙi ƙirin. Layin yana ta matsewa. Maigidana ya dubi allon, ya dubi hanya.

"Wannan matar 'yar unguwar nan ce?"

Na ce, "Alhaji, tauraron ɗan'adam take amfani da shi. Daga sama take ganin komai."

Ya ce, "To, madalla."

Ba mu yi nisa ba sai ga katanga a gabanmu, doguwa, da waya mai ƙaya a kanta. Ba sabuwa ba ce, har fentinta ya koɗe. A allo kuwa hanya ta miƙe sak, kibiya tana nuna gaba. Baturiyar ta ce in ci gaba. Na tsaya. Ta sake cewa in ci gaba, muryarta ko ɗar.

Maigidana ya ce, "Ai ka ji abin da ta ce."

Na fito na iske direba ya kashe mota yana jiran umarni. Babu wurin juyawa, sai baya. Ya fara ja da baya a hankali, ina ɗaga masa hannu, sai tayar baya ta zame gefen kwata ta nutse a laka. Ya taka, ta ƙara nutsewa. Rana ta take, kuma na san abin da ke faruwa a ƙasan lodin nan ba sai an buɗe ba. Hancina ya gaya min.

Allah ya kawo wasu leburori da suka tashi daga aiki, suna ratsowa ta wata 'yar ƙofa a jikin katangar. Suka tsaya kallo. Wani mai ƙiba a cikinsu ya ce, "Alhaji, kamfanin kuka zo saya ko katangar?" Aka kwashe da dariya. Na tambaye su ko nan ba hanya ba ce. Suka ce hanya ce da, tun kafin mai kamfanin ya faɗaɗa ya haɗe ta da filinsa. Wani ya leƙa motata ya ga allon, ya kira 'yan'uwansa su zo su ga talabijin.

Babu yadda motar za ta fito sai an rage mata nauyi. Muka yi ciniki da su, suka hau sauke fatu suna jibgewa a ƙasa, a rana, ƙudaje suka zo taya mu. Aka tura, aka sa duwatsu, aka yi salati, ta fito. Aka sake lodawa. Ni ma sai da baya na fita daga layin, kuma in faɗi gaskiya a nan allon ya yi min rana, domin kyamarar baya a jikinsa take, ta nuna min kwatar tsaf.

Na ciro waya. Ta bi da mu ta doguwar hanyar nan, ta ajiye mu a ƙofar kamfanin ana kiran sallah. Mai tantancewa ya riga ya wanke hannu. Maigidana ne ya roƙe shi, ya ga furfura ya dawo. Ya fara ɗaga fatu ɗaya bayan ɗaya yana jan gashi da babban yatsa. Na sama suka wuce. Da aka zo kan waɗanda ke ƙasan lodin, sai gashi ya riƙa biyo hannunsa kamar auduga. Jefawa gefe kawai yake. Tulin gefe ya yi tsawon da sai da na ɗaga kai. Ribar layyar shekarar, tawa da ta maigidana, a tulin nan ta tsaya.

Na ɗauki maigidana muka kama hanyar komawa. Muna isa gidansa ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya a waje, ya ce, "Gobe in za ka zo, ka zo kai kaɗai, ban da baturiyar."

Har yau abokan kasuwa suna tambayata ko su ƙara kuɗi su sayi mota mai taswira a jiki. Nakan ce in don kyamarar baya ce, su saya. In don hanya ce, wadda ke aljihunsu ta fi, domin ita ce ake turo wa wuri, ita ce kuma ake sabuntawa kullum. Kano gari ne da ake kwana da hanya a tashi da shago. Abin da na koya shi ne, kafin ka bi mai kwatance, kada ka dubi tsadarsa ko daɗin muryarsa. Ka tambaye shi yaushe rabonsa da wurin.